Muhawara: Me ya kayar da Sulochana, sarauniyar finafinan Indiya marasa sauti?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk ranar da aka taɓo tsofaffin jaruman Indiya a nan, daga Nargis ake farawa, a gangaro kan Madhubala, a sauka kan Hema Malini, sai ka ce kafin su babu kowa. To akwai wadda mutanen Bombai suka yi wa layi a ƙofar sinima tun fim bai fara magana ba. Sunanta na asali Ruby Myers, amma da Sulochana aka san ta. An haife ta a Pune a 1907, daga zuriyar Yahudawan da kakanninsu suka taso daga Bagadaza suka zauna a Indiya. Aikinta na fari haɗa waya ne: tana zaune gaban allon igiyoyi, in ka ɗaga waya ka faɗi wanda kake nema, ita za ta sada ku. Darakta Mohan Bhavnani na kamfanin Kohinoor ya gan ta, ya ce ta zo ta yi fim. Ta ƙi, don a wancan zamani macen da ta shiga fim ta gama zubar da mutuncinta a idon jama'a. Ya yi ta naci har ta amince, ta fito a Veer Bala a 1925.

Daga Kohinoor ta koma Imperial, kamfanin Ardeshir Irani, a can ne tauraruwarta ta haska sosai. A Wildcat of Bombay na 1927 mutum 8 ta fito a fim guda: ga ta mai aikin lambu, ga ta ɗan sanda, ga ta mai tallar ayaba, ga ta yaron titi, ga ta wani dattijon Haidarabad, ga ta Baturiya. Sai Madhuri da Anarkali a 1928, sai Indira B.A. a 1929, su ukun R. S. Chaudhari ne ya ba da umarni.

Ranar 14 ga Maris 1931 Imperial ya saki Alam Ara, fim ɗin Indiya na farko mai magana. Kamfanin da ita ce babbar jarumarsa ya tsallake ta ya ɗauki Zubeida, saboda Sulochana Turanci ne a bakinta, Hindustani bai zauna mata ba. Daga nan aka samo maganar da ake ta nanatawa, wai zuwan sauti ne ya kashe ta. Ni ban yarda ba, zan kuma faɗi dalilina, amma bari in ji naku tukuna.

Ummu Hanan:
Wa alaikumus salam. Ita ce mai sanyin fuskar nan da ke fitowa uwar jarumi cikin farin sari, kullum da hawaye a idonta?

Baban Sadiq:
A'a Ummu, waccan Sulochana Latkar ce, jarumar finafinan Marathi da Hindi, haihuwar 1928, ta rasu a 2023. Shekarar da aka haife ta, wannan tamu ta riga ta shekara 3 tana fim.

Ɗan Fagge:
Yaya Baban Sadiq ni tambayata daban ce. Fim babu magana, babu waƙa, to da me mutum zai zama tauraro? Mu da muka san fim ɗin Indiya don waƙa muka san shi. In ka cire waƙa da kalaman soyayya me ya rage? Ina ganin kyau kawai ta sayar, farar fata ce a ƙasar da ake son farar fata, shi ke nan.

Kawu Mai Majigi:
Ɗana Ɗan Fagge, ku da kuka tashi kuka tarar ana fassara muku fim ɗin Indiya da Hausa ba za ku gane ba. Mu da muka yi kallo a Palace da Plaza da Orion a shekarun 1970, wa ke jin Indiyanci a cikinmu? Sinima babu rufi, muna zaune kan benci, sanyin hunturu na kaɗa mu, in wani ya riga ya ga fim ɗin jiya shi ne malamin layinmu, yana cewa "ku lura, wannan ƙanin uban nata mugu ne." Sauran duk daga fuska muke karantawa. In jaruma ta sauke ido ta kama gefen gyalenta da haƙori, duk sinimar ta san ta yarda da shi. In ta tsaya cak, tiren shayi ya suɓuce daga hannunta, mun san mugun labari ya iso. Mu a wurinmu ai kusan marar magana ne fim ɗin, sai dai kiɗan.

Su ma can a zamanin Sulochana ba shiru ake zaune ba. Akwai makaɗa a gaban allo da hamoniya da tabla, suna bin abin da ke gudana, in an zo faɗa su zafafa, in an zo kuka su sassauta. Tsakanin fitowa da fitowa ana nuna rubutu, sau da yawa da harsuna biyu ko uku ko huɗu a allo ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi. Macen da za ta fito ɗan sanda, ta dawo mai tallar ayaba, ta dawo Baturiya, 'yan kallo su yarda da kowanne ba tare da ta furta ko kalma ɗaya ba, ba kyau kaɗai ta kawo kasuwa ba. Tafiya ce ta iya canzawa, da tsayuwa, da yadda ake riƙe kafaɗa.

Ɗan Fagge:
Na ji Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma batun farar fata ban janye ba.

Malama Zinatu:
Kada ka janye, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba nan ta tsaya ba. Ka duba waɗanda suka cika finafinan shekarun 1920: Patience Cooper a kamfanin Madan na Kalkata, Renee Smith da aka sa wa suna Seeta Devi, Ermeline, ita Sulochana. Galibi ruwa biyu ne tsakanin Turawa da Indiyawa, ko Yahudawa. Haskensu ya yi wa masu kamfani daɗi, ba musu. Amma babban dalili shi ne su ne matan da al'ummarsu ta riga ta bari suna fita aiki, suna buga tafireta a ofis, suna haɗa waya, suna jinya a asibiti. Gidajen Hindu da na Musulmi masu ji da kansu ba sa barin 'ya mace ta tsaya gaban kyamara.

Ku tuna yadda aka fara. Da Dadasaheb Phalke zai yi Raja Harishchandra a 1913, ya nemi macen da za ta fito sarauniya Taramati ya rasa. Namiji ya sa, Anna Salunke, wanda ke aiki a wani gidan abinci. A Lanka Dahan na 1917 Salunke ɗin nan shi ne Rama, shi ne kuma Sita, miji da mata duk mutum ɗaya. Matan da suka fara shiga, Durgabai Kamat da 'yarta Kamlabai, 'yan wasan daɓe ne da dama can ake musu kallon banza.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauya sunan. Ana son fuskar Ruby, ba a son a ce Ruby ce ta fito Sita ko Anarkali, sai a lulluɓe ta da sunan Hindu don 'yan kallo su samu natsuwa.

Mai Lissafi:
Kafin a yi nisa ina da gyara kan wata magana da na tabbata wani zai kawo. Kusan duk inda aka rubuta tarihinta sai an ce albashinta ya fi na gwamnan Bombai. Adadin da ake ba ta rufi 5,000 ne a wata. Dokar mulkin Indiya ta 1935 ta yanka wa gwamnan Bombai rufi 120,000 a shekara, wato 10,000 a wata. Ninki biyu ke nan. Maganar ta fi kama da zuzutawar masu talla da mujallun fim.

Baban Sadiq:
Madalla Malam, gyara ya yi. Amma ko rabin albashin gwamna ne, ka auna: yarinyar da ke haɗa waya, cikin 'yan shekaru ta kai rufi 5,000 a wata, tana hawa Chevrolet a titin Bombai lokacin da mota ta Turawa ce da manyan attajirai. Kuma kamfani ba sadaka yake yi ba, in ya ba ta 5,000 to abin da sunanta ke shigo masa da shi ya ninka haka. Har ana ba da labarin cewa da aka yi wani gajeren fim na Gandhi yana buɗe baje kolin tufafin saƙar hannu, sai aka liƙa masa rawar Sulochana ta cikin Madhuri don jama'a su shigo.

Abu Muhsin:
Ni fa ban ga abin ɓata dare a kan wannan ba. Bayahudiya ce, 'yar rawa ce, ba addininmu ba, ba al'adarmu ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, iyayen da suka hana 'ya'yansu shiga fim a lokacin sun fi hankali. Ku dubi ƙarshenta mana, ai cewa ake yi ita kaɗai ta ƙare a ɗakinta.

Mai Kula da Zaure:
Malam Abu Muhsin, zauren tarihin fim ne, kowa ana tattauna aikinsa ko wane addini yake bi. A yi muhawara kan abin da ta yi, ban da aibata mutum don asalinsa. A ci gaba.

Hajiya Inna:
Malam Abu Muhsin, bari in amsa maka a matsayin uwa mai 'ya'ya mata. Tsoron da iyaye ke ji ba ƙarya ba ne, ni ma ina ji. Amma ka tsaya ka dubi su waye ke cika sinimar. Mazan gidajen nan ne masu tsare 'ya'yansu, su ke biyan kuɗin tikiti su kalli 'yar wani, su fito su zage ta. In abin ƙazanta ne, mai kallo da mai kamfani da mai sinima duk suna ciki, me ya sa ita kaɗai za ta ɗauki kunyar? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan batun addini, ita Zubeida da aka ba Alam Ara ai Musulma ce. Uwarta Fatma Begum ita ce mace ta farko da ta ba da umarnin fim a Indiya, Bulbul-e-Paristan a 1926, da kamfaninta na kanta. 'Yan'uwan Zubeida biyu, Sultana da Shehzadi, su ma 'yan fim ne. Ka ga ba za a ce harkar ta wasu ce can ba.

Malama Zinatu:
In ƙara a kan na Hajiya. A Kerala, wajen 1930, wata yarinya P. K. Rosy ta fito a fim ɗin Malayalam na farko, Vigathakumaran na J. C. Daniel. Ita 'yar ƙasƙantaccen jinsi ce a tsarinsu na fifiko, sai ta fito a matsayin 'yar manyan gida. 'Yan kallo suka yi ta jifan allo, aka ƙona mata gida, ta gudu ta bar garin, ba ta sake fim ba. Ba tsiraici ta yi ba, ba rawa ta yi ba. Laifinta kawai ta tsaya inda aka ce ba wurinta ba ne. Don haka ba kullum kishin tarbiyya ke sa a far wa 'yar fim ba.

Ɗan Damagaram:
Mu ma a Nijar mun ga irinsa. Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a fim ɗin Moustapha Alassane a 1966, ta kuma fito a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda da ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a 1972. Ƙasa ta yi alfahari da kyautar, ita kuwa ta sha zagi a titin Yamai, don mutane sun kasa raba ta da matan da take kwaikwayo. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta.

Abu Muhsin:
Amin. Hajiya na ji maganarki, kuma na yarda mai kallo ba shi da bakin zagi. Amma ni har yanzu a kan bakana nake: sana'ar da ke cin ƙuruciyar mace ta yar da ita in ta manyanta, ba zan tura 'yata ba. Ku da kanku abin da kuke ba da labari ke nan.

Injiniya Bature:
Ku ba ni dama in dawo da mu kan tambayar Baban Sadiq, don akwai ɓangaren na'ura da ya kamata a sani. Yau in jaruma ba ta iya harshe ba, sai a kawo wata ta ɗora mata murya a situdiyo. A 1931 babu wannan a Bombai. Alam Ara da na'urar Tanar aka ɗauke shi, wadda ke naɗar hoto da sauti a lokaci guda kan fim ɗaya. Abin da ya fito daga bakinka a gaban kyamara shi ke nan, ba gyara. Situdiyon yana kusa da layin dogo, don haka sai tsakar dare suke aiki bayan jirage sun daina wucewa. Makirufo ɓoye shi ake yi kusa da 'yan wasa, ba ka da damar yawo yadda kake so, dole ka tsaya inda zai ji ka. Ka ga wadda ƙarfinta motsin jiki ne an ɗaure ta ta fuska biyu, ga harshe, ga tsayuwa wuri ɗaya.

Ba mata kaɗai abin ya taɓa ba. Master Vithal, jarumin Alam Ara ɗin kansa, babban tauraro ne a zamanin shiru, amma Hindi ɗinsa bai nuna ba, a finafinan Marathi ya ƙarasa. Ni dai ina tare da masu cewa sauti ne.

Baban Sadiq:
Injiniya, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ga inda na rabu da kai. Da sauti ne ya kashe ta, da labarinta ya ƙare a 1931. Bai ƙare ba. Ta ajiye aiki kusan shekara guda, tana kan ganiyarta, ta zauna ta koyi Hindustani. A 1932 ta dawo da Madhuri mai magana. Imperial ya ga kasuwa, ya yi ta sake tsofaffin finafinanta da sauti: Indira B.A. ya dawo Indira M.A. a 1934, Anarkali ya dawo a 1935, Wildcat of Bombay ya dawo Bambai Ki Billi a 1936. Ita da Dinshaw Billimoria su ne masoyan da ake rububi a shekarun nan. A tsakiyar shekarun 1930 har kamfaninta ta buɗe, Rubi Pics. Wanda sauti ya kashe ba ya buɗe kamfani bayan shekara huɗu da zuwan sautin.

Abin da nake gani ya ture ta shi ne ƙofar da su suka buɗe. Da aka ga akwai kuɗi da suna a fim, sai 'ya'yan manyan gida suka fara shigowa. Durga Khote, 'yar gidan Brahmin (jinsin da ke saman tsarinsu na fifiko) mai ilimi, ta fito a Ayodhyecha Raja na kamfanin Prabhat a 1932. Devika Rani, 'yar dangin shahararren marubuci Tagore da ta yi karatu a Ingila, ita da mijinta Himanshu Rai suka kafa Bombay Talkies a 1934, ta yi Achhut Kanya a 1936. Leela Chitnis da digirinta ta shigo. Lokacin kuma guguwar neman 'yanci ta taso, ana son a ga "cikakkiyar 'yar Indiya" a allo. Kamfanoni suka fara alfahari da cewa jarumarsu 'yar mutunci ce, 'yar gidan wane. To wannan tallar da wa ake yi? Da su Ruby da su Patience, waɗanda suka riƙe sana'ar lokacin da kowa ke ƙyamarta. Ga shi kuma Imperial ɗin da ke bayanta ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1930.

Injiniya Bature:
Hujja ce mai ƙarfi, amma ka bar waƙa a baya. Magana ana koyonta a shekara guda, murya ba a koyonta. Alam Ara waƙa 7 gare shi. Shekara ɗaya bayansa Indrasabha ya zo da kusan 70. Ɗora wa jaruma muryar wata mawaƙiya sai a 1935 aka fara, a Dhoop Chhaon na kamfanin New Theatres, kuma bai zama ruwan dare ba sai ƙarshen shekarun 1940 da su Lata Mangeshkar suka kama. Tsakanin nan kasuwa ta masu rera waƙa da bakinsu ce: Kanan Devi, Khursheed, Noor Jehan, Suraiya. Sautin bai kayar da ita rana ɗaya ba, a hankali ya canza abin da 'yan kallo ke biya don su samu.

Baban Sadiq:
Ita Devika Rani ai ba don murya aka yi ta rububinta ba, amma ta yi sarauta a shekarun nan.

Injiniya Bature:
Devika Rani da situdiyonta take, ita ke zaɓar labari. Wannan wani ƙarfi ne daban.

Hajiya Inna:
Ku biyun kuna ta zagaye, kun ƙi taɓa abin da kowace mace a zauren nan ta riga ta gani. Shekaru ne. A 1937 ta cika 30. Ku ɗauki labarin Anarkali kaɗai: a 1928 ita ce Anarkali, a 1935 ita ce Anarkali, a 1953 da aka sake yin sa Bina Rai ce Anarkali, Pradeep Kumar ne masoyinta Salim, ita kuma aka ba ta uwar Salim. Tana da shekara 46. A wannan shekarar ta 1953 Ashok Kumar, wanda ta girma da shekara 4 kacal, yana fitowa saurayin Meena Kumari a Parineeta, yarinyar da aka haifa a 1933. A 1958 ma yana nan yana soyayya da Madhubala a Howrah Bridge. Shi ba a ce ya tsufa ba. Ko da ta iya Hindustani fiye da malaman Lakno, ko da muryarta ta fi ta kowa, da an mayar da ita uwa a daidai wannan lokaci.

Ina tunanin ranar da ta tsaya a wurin ɗaukar fim ɗin nan, tana kallon wata yarinya sanye da kayan da ita ta sa har sau biyu. Kuma ta tsaya ta yi aikinta. Wannan ya fi komai burge ni a tarihinta.

Ummu Hanan:
Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. To bayan nan ta ci gaba da fim?

Baban Sadiq:
Ta ci gaba, amma ƙananan fitowa. Wanda ya kalli Julie na 1975 ya gan ta, tsohuwa, a fim ɗin da Nadira ta fito uwar Julie. Ita ma Nadira daga Yahudawan Bagadaza take, sunanta Florence Ezekiel. Gwamnatin Indiya ta ba Sulochana kyautar Dadasaheb Phalke ta 1973, wadda ita ce mafi girma a harkar fim a ƙasar. Ita ce ta biyar da aka ba, mace ta biyu bayan Devika Rani da ta karɓa a 1969. Ta rasu a Bombai ranar 10 ga Oktoba 1983. A 2013, da Indiya ke bikin cika shekara 100 da fara fim, an sa hotonta a kan sarki.

Ɗan Fagge:
To ni yanzu kun sa min kwaɗayi. Ina zan samu Wildcat of Bombay in gani da idona, ko kyau ne ko iyawa?

Malama Zinatu:
Nan ne abin baƙin cikin yake, ƙanena. Indiya ta yi finafinai marasa sauti fiye da 1,300. Waɗanda suka rage ba su wuce 30 ba, su ma da yawansu guntaye ne. Muna ta gardama kan iyawar mace alhali kusan duk aikin da ya ɗaukaka ta ya salwanta, sai hotuna da takardun talla da abin da 'yan jarida suka rubuta.

Injiniya Bature:
Dalili kuwa shi ne fim ɗin wancan zamani da sinadarin naitiret aka yi shi. Yana kama wuta da kansa in ya ji zafi, in ya tsufa ya yi danƙo ya manne, daga baya ya zama gari. Ka haɗa wannan da zafi da damshin Bombai. Sannan akwai azurfa a jikinsa, don haka in fim ya gama zagayen sinima, masu kamfani kan sayar da naɗin ga masu tatsar azurfa. Da sauti ya zo, wa zai ɓata ɗaki yana ajiye fim marar magana? Shi kansa Alam Ara da ya kori na shiru, babu kwafinsa ko ɗaya yau. P. K. Nair, wanda ya gina rumbun adana finafinai na ƙasa da aka buɗe a Pune a 1964, ya bi sawunsa har wurin iyalan Irani, ya tarar an riga an sayar don azurfar. Shi ne ya yi ta bin gidaje da tsofaffin rumbuna yana tsinto abin da ya saura na Phalke. A 2003 kuma gobara ta cinye wani ɓangare na tsofaffin naɗin da aka tara a Pune.

Ɗan Fagge, in kana son ɗanɗana zamanin, nemi Shiraz na 1928 da A Throw of Dice na 1929. Franz Osten, Bajamushe, ya ba da umarni, Himanshu Rai ya shirya, Seeta Devi na ciki duka biyun. Sun tsira ne don akwai kwafinsu a Turai. An gyara Shiraz a Ingila a 2017, Anoushka Shankar ta yi masa sabon kiɗa. Ba Sulochana ba ce, amma za ka ga irin wasan da Kawu ke faɗa.

Abu Muhsin:
Wannan ɓangaren na adana tarihi ina tare da ku ɗari bisa ɗari. Ko abin da ban so ba, gara a ajiye shi a san an yi.

Na Bakin Kasuwa:
Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar Injiniya ta taɓa ni. Ni sana'ar kaset na gada. Kwanaki muka buɗe wani ɗakin ajiya da aka daɗe ba a shiga ba, kwali kan kwali na finafinan Hausa na shekarun 1990. Na ɗauko ɗaya na ɗaga murfin, zaren ya yi fari fat da fumfuna, na ja shi kaɗan ya tsinke a hannuna. Wasu gara ta cinye kwalin har hoton jarumar ba ya ganuwa, sai rabin suna. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau ba a fi shekara talatin da 'yan kai ba, amma akwai matan da suka yi tashe a lokacin, suka yi aure ko suka rasu, da in ka nemi fim ɗinsu guda mai kyan hoto sai ka sha wuya.

Kawu Mai Majigi:
Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ai shekaru aka yi ana zaton ya ɓata. Sai da aka tsinto naɗinsa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan fim ɗin gwamnati ke nan, da littafin Firayim Minista a bayansa. Ina ga na 'yan kasuwa da aka naɗa a kaset?

Baban Sadiq:
Injiniya, ni dai ban sauka daga ra'ayina ba, na ƙara da na Hajiya a kai. Kai ma na san ba ka sauka ba.

Injiniya Bature:
Ban sauka ba. Na Bakin Kasuwa, kada ka zubar da ko ɗaya, har masu fumfunar. Ka fitar da su daga kwali, ka jera su a tsaye a wuri mai iska da babu rana, kada ka sa su a na'ura kafin a goge zaren, don fumfunar za ta ɓata kan bidiyon ta kuma shafi na gaba. Akwai ɗan abin da ake haɗa bidiyo da kwamfuta a juye, ba shi da tsada, ina da shi.

Na Bakin Kasuwa:
Na gode Injiniya. Matsalar ita ce bidiyon kansa, nawa biyu duk sun mutu. Duk wanda ke da mai aiki a Kano, ko ya san mai gyaran da har yanzu yake taɓa su, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Zan fara da waɗanda sunansu bai goge ba, in rubuto muku jerin a nan.